Layin da Ya Daina Yankewa

"Sake magana... Masoyi, sake magana in ji!"

Na manna wayar a kunne. Abokan aikina sun zagaye ni a ɗakin gwaji, suna jiran in ce an dace.

Saƙo in ya bi iska yakan zubar da gutsattsarinsa a hanya. Aikina shi ne in haɗa shi da 'yan rakiya, wato ƙarin lambobin da za su cike giɓin idan ya isa. Ranar aka ɗora sabon tsarina a kan turken sadarwar ƙauyen da saurayina yake koyarwa. Don shi na yi, ba don kamfani ba, kuma ko kunya ban ji ba.

Tun da ya tafi muryarsa take zuwa mini a tsintsinke. Umma har gori take yi mini.

"Mutumin da ko gaisuwarsa ba ta isowa cikakkiya? Ga mai kantin magani yana ta sintiri a ƙofar gida!"

Shi kuwa mai kantin, kullum da tsegumin da zai kawo: wai Malam ya samu wata a can.

"Ina jin ki, Injiniyata," in ji Malam ta wayar.

Tar! Kamar yana gefena.

Sai tari ya sarƙe shi, mai tsawo, daga can cikin ƙirji. Kiran ya katse.

Na dubi allon kwamfuta. Babu abin da ya ɓace a hanya. Shi ya kashe da hannunsa.

Ya sake kira. "Kin ga halin layin nan..."

"Ba layi ba ne!" Hawaye suka ɓalle mini. "Tun yaushe?"



"Tun kafin in taho. Likita ya ce huhu ne... Na so ki gaji da ni, ki auri wanda Umma take so."

"Wallahi ka cuce ni! Ina nan ina kokawa da iska, ashe a bayanta kake ɓuya..."

"Yi haƙuri, abar ƙaunata. Gyaranki ya tona mini asiri."

Da Umma ta ji, da kanta ta haɗa mini kayan tafiya wurinsa tana kuka.

Ina mota, tsakanin duwatsu, ana tafka ruwa, inda a da ko sallama ba ta wucewa, ƙanwarsa da ke jinyarsa a ƙauyen ta kira.

"Anti... Yaya ya cika."

Na so a ce layin ya tsinke, in ce ban ji daidai ba, in ƙarasa tafiyar da sauran fatana.

Bai tsinke ba. Har kukan mahaifiyarsa na ji.