Hayaƙin da Ya San Gidansu

Na rantse ba za ku yarda ba, amma a wani gari can da daɗewa, duk abin da aka haɗa a gida ba ya manta gidansu.

Ran nan wani mai cika baki ya ɗauke turaren wutar da tsohuwa maƙwabciyarsa ta haɗa don sunan jikarta. Ya tara abokai a zaure, ya barbaɗa a garwashi.

"Haɗin gida ne," in ji shi, "ba na kasuwa ba. Da hannuna na haɗa!"

Hayaƙi ya tashi a hankali, ya leƙa nan, ya leƙa can, bai ga wanda ya sani ba. Sai ya fice. Abokai suka bi shi ido a lumshe, gogan naku na baya yana ta cewa, "Haɗin gida ne fa!"

Hayaƙi ya je ya kwanta a cinyar tsohuwa kamar kyanwa.

Ta shafa shi, ta ce, "Haɗin gida ne kam, ɗan nan. Amma gidan wa?"

Ta tura wa gogan turmi da icen ƙamshi.

"Jibi suna. Fara daka."