Abin da Bishiyar Lemun Tsami Ta Karɓa

Ganyen lemun tsami kawai Malama Phoebe ta fita tsinkowa, rana na shirin faɗuwa. Lokacin Maiyama tana cikin jihar Sakkwato. Aikin koyarwa ne ya kawo Phoebe garin, daga ita sai 'yarta Jane. Zazzaɓi ya kwantar da yarinyar, an yi ƙwaya an yi allura, jiki sai ƙara zafi yake. Motar Jega kuma, inda babban asibiti yake, ta riga ta wuce, sai gobe.

Maƙwabciyarta Kubura ce ta ce a yi wa yarinyar sirace da ganyen. Ta kwatanta mata wata tsohuwar bishiya a wani lambu da aka daina nomawa, kan hanyar Liba. Sannan ta zuba mata gero a tafin hannu.

"Ba a ɗibar magani ga icce hannu banza, Malama. Ki zuba wanga gindinai kahin ki taɓa ganye. Icce na da masu shi."

Phoebe ta ce to. Amma na san ta, don tare muka koyar, mace ce mai kirki da taurin kan tsiya. A ganinta zuba wa itace hatsi bauta ce, kuma ba za ta kai wannan gaban Ubangijinta ba. A bakin gari ta watsa wa kaji geron, ta karkaɗe hannu. Ban ga laifinta ba, amma har yau abin yana ci mini rai.

Lambun tsit yake. Ba tsuntsu, ba kukan kwaɗi, alhali ga fadama kusa. Ƙamshin lemo ya cika wurin, mai kaifi, har yana yi mata yaji a ido. Ta riƙa tsinka da sauri, ƙaya tana yagar mata hannu. Ta ƙulle ganyen a gefen zani, ta juya.

Tim.

Lemo ya faɗo a bayanta. Ko iska babu.

Ta ƙara sauri. Wani ya faɗo, ya gangaro, ya wuce ta gefen ƙafarta. Ta bar inuwar bishiyar da nisa, amma ba su daina faɗowa ba. Daga sama, daidai kanta.

Ƙafafunta suka yi nauyi, kamar mai tafiya cikin taɓo.

Sai numfashi mai sanyi a bayan kunnenta.

"Kin ɗiba," in ji wata murya, ƙasa-ƙasa. "Mi kinka aje?"

Phoebe ta buɗe tafin hannunta. "Ba ni da komai."

"Akwai ɗiya kwance gida."

"A'a!" Ba ta san lokacin da ta durƙusa ba. "Bar mini ita da ranta. Ɗauki nawa. Duk abin da nake da shi."



Wani abu ya soke ta a ƙirji, siriri, mai sanyi.

"Na amsa," in ji muryar.

Daga gari aka ɗaga kiran sallar magariba, ƙafafunta suka saku. Ta ruga, takalmi ɗaya a ƙafa, ba ta waiwaya ba har ƙofar gida.

Kubura ta dubi fuskarta, ta karɓi ganyen. Aka tafasa, aka lulluɓe yarinyar da bargo a kan tukunya. Gumi ya karyo mata, ta yi barci.

Da safe Jane ta tashi jiki garau, tana neman kunu. Phoebe ta fashe da kukan murna, ta miƙa hannu za ta rungume ta. Yarinyar ta ja da baya, ta ɓuya a bayan Kubura.

"Inna Kubura," ta ce da raɗa, "wace ce wannan matar?"

Jane ta san sunan kanta, ta san 'yan ajinsu, ta san har akuyar gidan. Uwarta kaɗai ta fita daga kanta. An yi addu'a a coci, malamai sun yi rubutu, ba abin da ya dawo.

Jane ta girma lafiya lau, ko ciwon kai ba ta cika yi ba. Phoebe ce ta raine ta har ta aurar da ita. Kullum da safe Jane takan durƙusa ta gaishe ta cikin ladabi.

Malama take ce mata.