Ƙullin Tanimu Bakanike

Ku matso kusa. Kai Ilu, ajiye wayar nan, in ba haka ba na yi shiru. Mutumin da wannan abu ya faru da shi na san shi, har shayi mun sha a teburi ɗaya.

Sunansa Tanimu, bakaniken manyan motoci ne a saman Gangaren Tsamiya. Daga bakin garejinsa kwalta take sulalewa ƙasa, ta lanƙwasa sau biyu, ta dire a wata 'yar kasuwa da ke gindin tsohuwar tsamiya. A nan 'yarsa Ladingo take suyar ƙosai kullum da asuba. Ita kaɗai Allah ya ba shi.

Tanimu ya iya aiki, ba a musu. Amma akwai abin da ya sa direbobi suke rububinsa. Kun san birkin tirela da iska yake aiki. In tiyon da ke kai wa tayoyi iska ya fashe, sabo ya kamata a sa. To direba kullum sauri yake yi, mai mota kuma ba ya son jin zancen gyara. Sai Tanimu ya lanƙwashe tiyon, ya yanko baƙar roba, ya ɗaure tamau. Iska ta daina zuba, mota ta tashi, amma tayoyin nan ba su da birki ko na anini. Yana da ƙullinsa na kansa: ya naɗa sau uku, ya soke bakin ta ƙasa. Har alfahari yake yi da shi, kun ji sakarci.

"Zai kai ni Legas?" in ji direba.

"Har ya dawo da kai. In ka sauke kaya ka canza."

Ba mai canzawa. Shi ma ya sani.

Bara waccan wata tirelar siminti ta ƙwace a gangaren, ta daki tsamiyar. Mata huɗu masu gasa masara suka rasu nan take. Ladingo zazzaɓi ne ya hana ta fita ranar. Tanimu ya je jana'iza, ya ce ƙaddara ce. Bai leƙa ƙarƙashin motar ba, don yana tsoron abin da zai gani.

Wata Laraba da yamma ya yi wa wani direba, Sallau, irin ɗaurin nan. Rodi ne a motar, maƙil. Sallau ya ce zai kwana a saman gangare, in an idar da sallar asuba ya wuce.

Dare ya raba kafin Tanimu ya rufe gareji. Ya kama hanyar gida, shi kaɗai, yana gangarawa. Ba mota. Ba kare. Sai ya ji wani abu a bayansa.

Tsss.

Ya tsaya, abin ya tsaya. Ya ɗaga ƙafa, abin ya ci gaba. Kunnen bakanike ba ya ɓata wannan ƙarar: tiyo ne yake yoyo. Amma ina motar? Ya haska tocila. Wata tsohuwa ce zaune a bakin kwalta, ta lulluɓa da baƙin zane.

"Sannu, Iya. Lafiya a nan da tsakar dare?"

"Bakanike," in ji ta. Bakinta bai motsa ba. Iskar nan ita ce muryarta. "Zo ka kwance mini."

Ta miƙo ƙafafu daga cikin zane. Kofato ne irin na jaki. Ɗaya ta karye, an naɗe ta da baƙar roba. Sau uku, an soke bakin ta ƙasa.

Tanimu ya nemi Ayatul Kursiyyu a bakinsa, harshen ya yi nauyi.

"Ƙullin waye?"

"Iya, ni dai..."

"Ƙullin waye?"

"Nawa ne."

"Tun ba a shimfiɗa kwaltar nan ba nake cikin tsamiyar can. Ban taɓa kowa ba. Matan nan ma maƙwabtana ne. Sai mota ta shigo mini har ɗaki. A ƙarƙashinta na tsinci wannan, na ɗaure ƙafata, ina jiran mai ita. Kwance."

Ya durƙusa. Robar da sanyi kamar an tsamo ta daga randa. Da ƙyar ƙullin ya saki. Tsohuwar ta yi ajiyar zuciya, sannan ta zaro wani abu daga zanenta ta ajiye masa a tafin hannu.

"Ga tukuicinka."

Roba ce sabuwa, yankan wuƙarsa. Ya gane ta. Ita ya ɗaura wa Sallau da yamma.

"Ni ma na koyi kwance ƙulli," in ji tsohuwar. "Yarinyar nan mai ƙosai, da wuri take fitowa, ko?"

Tocila ta mutu. Da ya bubbuga ta ta kama, ba kowa a wurin. Shi a ganinsa ko minti biyar bai yi ba, sai ga shi yana jin ana sallame sallar asuba a masallacin kasuwa. Can sama kuma injin tirela ya tashi.

Ya kwasa da gudu yana hawan gangaren, takalmi ɗaya ya fita bai waiwaya ba. Ya san agogon da ke nuna iskar birki a motar Sallau ya daɗe da mutuwa, ƙarar inji kuma ta danne yoyon. Sallau ba zai san ba shi da birki ba sai ya taka a lanƙwasar farko. Ladingo kuwa yanzu ta ɗora kasko.

Ya iso motar ta fara motsi. Bai yi wata-wata ba, ya zube a gaban taya.

Sallau ya tsayar da ita da ƙyar, ya leƙo. "Kai Tanimu! Ka haukace ne?"

"In za ka sauka, sai dai ka bi ta kaina."

Suka leƙa ƙarƙashi tare. Tiyon na reto, a buɗe, iska na zuba. Sallau ya zauna a ƙasa, ya dafe kai.

Da hantsi Ladingo ta hauro da ƙosai a takarda. Ta tarar da ubanta yana ɗaura sabon tiyo, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Baba, yau wata tsohuwa ta zo tun da duhu ta zauna kusa da kaskona. Ba ta sayi komai ba, saman gangare kawai take kallo. Da gari ya waye ta tashi, ta ce in gaishe ka, in ce ƙafar ta yi sauƙi."

Tanimu ya rungume ta yana kuka a gaban direbobi, ita kuwa ba ta san dalili ba.

Tun daga ranar yatsunsa ba su sake iya ƙulli ba. Ko mazagin wandonsa matarsa ke ɗaure masa. Robar da tsohuwar ta ba shi tana nan rataye a garejinsa, kuma duk safiya a ƙulle ake tarar da ita.

Don haka kada wanda ya bi Gangaren Tsamiya shi kaɗai da dare. In kuwa ka ji iska na yoyo a bayanka, alhali ba mota, kar ka haska. Ilu, tashi ka rufe ƙofar nan.