Masauki a Ɗakin Taswira

Ku matso kusa, kowa ya yi bisimilla. Wannan ba tatsuniya ba ce, labarin yayana ne, Haladu, Allah Ya jiƙansa. Ni ban yi boko mai nisa ba. Yadda ya faɗa mini haka zan faɗa muku.

Haladu ma'aikacin laburare ne a jami'a. Ɗakinsa a ƙasa yake, sai an sauka matakala goma sha huɗu. Babu taga. Durowoyin ƙarfe ne masu faɗi jere har bango, kowace cike da taswira, wasu tun zamanin Turawa. Aikinsa iri biyu ne. In mutum ya zo da tambaya a kan wani gari ko rafi ko iyaka, shi zai nemo masa takardar. In babu kowa, sai ya shimfiɗa tsofaffin taswirorin a kan na'urar ɗaukar hoto, ya zuba su a kwamfuta, ya ɗora a intanet don kowa ya gani daga gida.

Mutum ne mai tsafta har ta yi yawa. In ya ga tabo a hoton taswira, na ruwa ko na gara ko na goro, ba ya barinsa. Sai ya goge shi a kwamfuta, hoton ya fito fes kamar jiya aka buga.

Wata Litinin ce cikin dogon hutu, makaranta babu ɗalibai. Rana ta take tsaka, ba a kira azahar ba tukuna. Haladu yana zaune sai ya ji sallama.

Ya ɗaga kai. Wani dattijo ne tsaye gaban tebur, da farar riga da rawani. Bai ji saukowarsa ba, alhali matakalar nan ko kyanwa ta taka sai an ji.

Ya amsa sallamar, ya ce, "Baba, bisimilla ga kujera."

Dattijon ya ce, "Ba zama na zo ba. An ce kai ne ake tambaya."

Nan Haladu ya lura da wani abu. Bakin mutumin a gabansa yake motsi, amma muryar daga bayansa take fitowa, daidai ƙeyarsa. Ya so ya waiga. Bai waiga ba.

"Ɗauko mini takardar Kurmin Gauraka."

Haladu ya jawo durowa, ya zaro taswirar, ya shimfiɗa. Ta tsufa, ta yi ruwan ƙasa. Dattijon ya nuna wani wuri ba tare da ya taɓa ba. Wani ɗan da'ira ne ja, ya kusa koɗewa, an zagaye wasu bishiyoyi da shi.

"Ka ga wannan?"

"Na gani, Baba."

"To nuna mini shi a cikin akwatin naka."

Haladu ya buɗe hoton a kwamfuta. Ga bishiyoyin, ga rafin. Babu da'ira. Sai ya tuna. Bara ne, ya ɗauka tabon goro ne, ya goge.

Dattijon ya ce, "Wani mai awon ƙasa ne ya zana shi, mutumin kirki. Mun yi magana da shi kafin a haifi ubanka. Tun daga nan duk wanda zai ja hanya ko ya yanka fili sai ya zo ɗakin nan, ya ga jan, ya tambayi mutanen gari, ya kauce. Yanzu ba sa zuwa. Naka suke dubawa."

"Zan mayar, Baba. Yanzu-yanzu zan mayar."

"Ka mayar da me? Katafila ta shiga shekaranjiya. Tsamiya ko ɗaya ba ta rage ba."

Biron da ke hannun Haladu ya suɓuce ya faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka. A ƙarƙashin tebur ya ga ƙafafun. Babu takalmi. Duga-dugan ne a gaba, yatsun suna kallon ƙofa.

Ya ɗago a hankali.

"Muna da mata, muna da yara," in ji muryar a ƙeyarsa. "Kwana biyu ke nan a fili. Kai ka san ƙasar nan kaf. Nemo mana wurin da babu ɗan Adam, ka ɗora yatsa, mu tafi. Alhamis zan dawo."

"In ban samu ba fa?"

"Sai mu sauka gidanka. Akwai inuwa. Na ga matarka tana shanya a shuɗiyar igiya, tana dafa ƙugu. Cikin wata takwas, ko?"

Haladu ya runtse ido yana salati. Da ya buɗe, babu kowa. Sai ƙamshin danyar tsamiya da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Bai faɗa wa Rakiya matarsa ba. Wurin limamin unguwa ya je bayan la'asar. Liman ya saurara har ƙarshe, ya ba shi addu'o'i, sannan ya ce, "Ka riƙe su, za su amfane ka. Amma Malam Haladu, ba zan ɓoye maka ba. Mutanen ɓoye ma bayin Allah ne, kuma a wannan magana su aka yi wa ɓarna."

Talata da Laraba bai ci abin kirki ba. Ya fito da taswirori fiye da ɗari. A tsofaffin, daji ne ko'ina, fili fari fat babu ko ɗigo. Sai ya buɗe hoton wurin na yanzu, wanda ake ɗauka daga sama. Kwanon rufi. Gonaki. Masallaci. Makaranta. Ya koma wani. Ramukan masu haƙar ma'adini. Ya koma wani. Sansanin waɗanda aka kora daga ƙauyukansu. Duk inda ya sa ido, wani ya riga ya kafa murhu.

Laraba da yamma ya sami wani dutse can nisa. Babu hanya, babu gona. Zuciyarsa ta yi sanyi, har ya ce alhamdulillahi. Sai ya ƙara matso da hoton. A gindin dutsen akwai bukkoki uku da shingen shanu. Gefe kuma wani ɗan fari-fari a kan ƙaya, kamar an shanya rigar yaro.

Ya daɗe yana kallo. Bai san su ba. Ba su san shi ba. Ko me ya same su, babu jaridar da za ta rubuta.

Ya kashe kwamfuta ya tafi gida. Rakiya ta kawo tuwo, ta ce, "Malam, yau yaron nan ya hana ni sakat da shuri. Taɓa ka ji." Ya ɗora hannu. Ya ji. Ya tashi ya shiga bayi, ya kunna famfo don kada ta ji kukansa.

Alhamis, rana tsaka. Wannan karon ya ji saukowarsu. Matakala ta ɗauki sawu, da yawa, ƙanana da manya. Ƙarar tukwane suna gogar juna. Wani yaro yana tari, wata tana rarrashinsa ƙasa-ƙasa. Amma dattijon kaɗai idonsa ya gani.

Hoton dutsen yana buɗe a kwamfuta. Dattijon ya leƙa.

"Nan ne?"

"Akwai bukkoki uku, Baba."

"Mun gani."

"Ba za ku iya zama tare ba?"

"A kurmi, maƙwabtanmu sun san mu. Sun san bishiyar da ba a sara, da lokacin da ba a ɗiban ruwa. Waɗannan ba su sani ba. Ba za su daɗe ba. Kai dai ɗora yatsa."

Haladu ya ɗaga hannu. Saura kaɗan ya taɓa gilashin. Sai ya naɗe hannun, ya cusa shi a aljihu.

"Ba zan iya ba."

"To, mu je gida."

Sawu suka fara juyawa wajen ƙofa. Tukwane suka motsa.

"Tsaya!" Haladu ya miƙe, ya jawo littafin rajistar baƙi ya buɗe. "Duba, Baba. Mutum na ƙarshe da ya shigo ɗakin nan, wata huɗu ke nan. Tun da na zuba komai a intanet ba mai zuwa. Akwai sanyi, akwai duhu, babu mai sara, babu katafila. Ku zauna nan."

Ɗakin ya yi tsit. Har mai tarin ya yi shiru.

Dattijon ya dubi durowoyin ɗaya bayan ɗaya. "Akwai mutum guda."

"Ni ne. Zan nemi a canza mini wurin aiki."

"A garinku haka ake yi? A sauke baƙo, mai masauki ya kulle ƙofa ya gudu?"

Haladu ya koma ya zauna.

"Wanda ya sauke mu, shi ke da mu. Kullum ka zo ka buɗe, ka zauna, ka amsa gaisuwa. Kuma baƙo daga hannun mai masauki yake ci."

"Me kuke ci?"

Dattijon ya dubi jikin Haladu daga sama har ƙasa.

"Iyalina fa?"

"Muddin kana zuwa, ko ƙofar gidanka ba mu sani ba."

Haladu ya ɗora yatsansa a kan teburin. Ya ce, "Bisimilla. Ku sauka."

Durowa ta farko ta buɗe da kanta, a hankali, ba ƙara. Ta biyu ta bi. Ta uku. Har ƙarshen bango. Sannan suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar kullum yana can. Asabar, Lahadi, ranar hutu. Yana cin abinci sosai, ya ƙara har da na dare, amma sai ramewa yake. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Agogonsa ya riƙa zamewa har gwiwar hannu. Aka ce ciwon suga ne, aka gwada, babu. Aka ce a kwantar da shi asibiti, ya ƙi.

Rakiya ta haihu, mace. Ranar suna ya ce bari yau dai ya zauna, ai sa yi masa uzuri. An raɗa suna da safe lafiya lau. Rana na yin tsaka jaririyar ta ƙwalla ƙara. Ta ƙi nono, ta sanƙare, leɓenta ya yi shuɗi. Mata suka ruɗe da salati. Haladu ya zari makulli ya fita da gudu, babbar riga a hannu, ya bar baƙi zaune a kan tabarma. Ba a yi rabin awa ba yarinya ta saki jiki, ta kama nono kamar ba ita ba.

Dangi suka yi ta magana. Aka ce boko ya cinye masa hankali. Ni ma na faɗa, Allah Ya yafe mini. Na faɗa masa a gaban mutane.

Bai ba ni labarin ba sai wata shida bayan nan. Na kai masa kunu wurin aiki, muka zauna a saman matakala, don ya hana ni sauka. Hannunsa kamar kara. Na ce, "Yaya, mu kai ka wurin masu ruƙiyya, a kore su." Ya ce, "A kore su su je ina, Ladidi? Ni na duba. Babu wuri." Ya kurɓi kunun, ya ce, "Kada ki gaya wa Rakiya sai bayan raina. Za ta ce ita za ta karɓe ni."

Sati uku bayan nan mai gadi ya same shi a kan kujerarsa, kansa a kan tebur. Ana kiran azahar. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce mutum ɗaya ya ɗauke shi, kamar an ɗauki yaro.

Ni aka aika ɗauko kayansa, buta da darduma da takalmi. Na kai matakala ta bakwai sai na ji ana daka a turmi, ƙasa-ƙasa, a bayan ƙofar da ke kulle. Wata murya ta mace ta ce daidai kunnena, "Ƙanwar mai gidan ce? Sannu da rashi. Shigo ki sha ruwa."

Da baya-baya na hau, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Kayan suna can har yau.

Yarinyar tana nan lafiya, ta fara tafiya, ba ta ko mura. Sun cika alkawari, wannan kam ba zan yi musu ƙarya ba. Amma shekara guda ke nan suna zaune babu mai masauki, kuma makon jiya na ji an ce jami'a ta fitar da sanarwa tana neman wanda zai riƙe ɗakin.

Ku da kuke karatu a can, ku ji ni da kyau. Kada ɗayanku ya sauka ɗakin nan shi kaɗai. In kuma kuna da aboki mai neman aiki, ku riƙe masa hannu.