Tozon Raƙumin Dawa

A can zamanin da, an yi wasu malamai biyu, Malam Jatau da Malam Tanimu, suna haɗa littafin namun daji don yara, kowace dabba da zanenta. Da aka zo kan raƙumin dawa, kowa ya zana nasa, ga shi ɗaya ne kawai zai shiga littafin. Na Malam Jatau da ƙaton tozo.

Malam Tanimu ya ce, "Haba Malam, wannan tozon fa?"

"Ba raƙumi ake ce masa ba? Ina ka taɓa ganin raƙumi ba tozo?"

Kwana uku suna musu. Sai suka je kasuwa wurin wata tsohuwa mai sayar da fatu, wadda mijinta maharbi ne kafin ya rasu. Ta dubi na Jatau, ta ce, "Malam, ka gan shi da idonka?"

Ga mutane sun taru. Ƙarya ta zo bakin Jatau, ya haɗiye ta. Ya ce, "Iya, ban gan shi ba. Sunan na zana."

Ta juya wajen Tanimu, ta dubi nasa zanen, ba tozo, amma kuma ba ƙahonni. "Kai fa, ka gan shi da idonka?"

"Sau uku ma!"

"To ina ƙahonninsa? Ko tuɓewa ya yi don ya gaishe ka?"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Tsohuwa ta ce wa Jatau, "Gobe maharba za su shiga dawa. Bi su ka gani."

Jatau ya bi su, ya kwana bakwai, ya dawo ƙafafu duk ƙaya, yana murmushi, don ya ga raƙumin dawa da idonsa, ya sake zana shi. Sabon zanensa ne ya shiga littafin, har yara suna rige-rigen buɗe shafin.