Jifa a Kan Farin Rufi

Rana ta gangara bayan tudu, awaki sun shigo gari, hayaƙin murhu ya kwanta a kan katangun wani ƙauye da ke gabas da Karofan. Alƙasim yana tsugune a tsakar gidansa yana alwalar magariba, idonsa a kan rufin ɗakin mahaifiyarsa, wanda ya shafe da farin fenti kwana uku da suka wuce. Har cikin wannan duhu-duhun rufin yana ɗaukar ido.

Shekara tara ya yi yana cin rani a Abijan kafin ya gina wa tsohuwa Habsa wannan ɗaki mai rufin tol, wato kwano. Ya ɗauka gata ya yi mata, ashe tanda ya gina. In bazara ta kama, kwanon yakan yi zafin da ko kaza ba ta iya sauka a kansa, ga tsohuwa da tansiyo, ciwon hawan jini, sau biyu ana kwasarta a amalanke zuwa likita. Shi ya sa da ya ji labarin wani fenti mai mayar da zafin rana sama, ya hau mota har Madawa ya dawo da bokiti biyu. Ranar da fentin ya bushe, Habsa ta yi barcin rana a cikin ɗaki, abin da rabonta da shi tun da aka gina shi.

Bai kai ga wanke ƙafa ba dutse ya faɗo a kan rufin.

Matarsa Mardiya ta saki ludayi. Kafin ƙarar ta mutu wani ya biyo baya, sai na uku, wanda ya gangaro har gaban butarsa. Baƙin dutse ne irin na saman tudu. Ya ɗauka, ya yar da shi nan take, don zafinsa kamar yanzu aka ciro shi daga murhu.

Zuciyarsa ba ta je ko'ina ba sai kan maƙwabcinsa Arzika. Jiya-jiya Arzika ya tare shi yana ƙorafin cewa hasken rufin yana cika masa gida da tsakar rana, har matarsa ba ta iya daka sai ta rufe ido, suka rabu baram-baram. Alƙasim bai tsaya salla ba. Ya cim ma Arzika a bakin masallaci, ya shaƙe masa wuyan riga a gaban jama'a, ya kira shi mahassadi, ya ce wanda bai taɓa ƙetare garin Buza ba dole ya ji haushin mai rufin tol. Arzika ya rantse, dattawa suka shiga tsakani, amma washegari Alƙasim ya kai shi ƙara wurin maigari.

Jifa ba ta tsaya ba. Kullum da tsakar rana, kullum da magariba. Ranar da Arzika ya tafi kasuwa tun asuba, duwatsu suka zubo fiye da kullum, Alƙasim ya ce ai sawa ya yi a yi masa. Daga nan aka fara jin gunaguni tsakanin silin da kwano, kamar na tsohon da mura ta kama. In gari ya waye sai a tarar da fentin an yakushe shi layi-layi. Habsa ta roƙi ɗanta ya kankare abin nan, ta ce gara zafin da ta sani. Ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai kankare ba, ya hau ya sake shafe inda aka yakushe.

A rana ta bakwai ɗiyarsa Rahinatu ta dawo daga lakwal, makarantar boko, ta ajiye littattafanta ta fice. Da aka neme ta, sai aka same ta kwance a kan ragowar tsofaffin kwanoni da ke bayan garken awaki, a cikin ranar da ke fasa dutse, haƙoranta suna kaɗawa don sanyi. Da uwarta ta ja ta, sai ta fizge, ta nufi murhu, ta cusa hannu biyu cikin garwashi tana ɗumamawa, fatarta ko ja ba ta yi ba. Ta ɗago kai ta dubi ubanta da idon da ba nata ba.

"Ka kashe mani wuta," in ji wata murya ta namiji, mai kauri, daga bakinta.

A nan Alƙasim ya gane aljani ne, ya aika a nemo malam.

Da la'asar ɗin washegari aka ɗauko Malam Mahfuzu daga Ibohaman a bayan babur. Tsoho ne siriri, ba mai yawan gaisuwa ba. Ya zagaya ɗakin, ya shinshina ɗaya daga cikin duwatsun, ya tambayi Alƙasim abin da ke wurin kafin a yi gini. Alƙasim ya ce wani baƙin falalen dutse ne, shi da kansa ya sa aka fasa shi aka zuba harsashi. Malam ya sa maza biyu suka riƙe yarinyar a kan tabarma, ya zauna dab da kunnenta ya fara karatu.

An daɗe. Inuwa ta cinye tsakar gida, kaji suka hau makwanci, babu abin da ake ji sai muryar malam, har yarinyar ta gantsare ta yi wani irin gurnani.

Aljanin bai ɓoye komai ba. Ya ce a kan falalen nan aka haife shi, aka fasa masa gida bai tanka ba, ya kwashi iyalinsa ya koma ƙarƙashin kwano, ya tarar ma ya fi dutsen ɗumi. Shekara huɗu yana nan bai taɓa kowa ba. Yanzu an shafa masa sanyi a ka, 'ya'yansa suna kwance, in ya leƙo waje hasken yana soke masa ido.

"To mi kaka so?" in ji malam.

"Shi kankare hwarin ga. Yau."

Alƙasim ya ce in ya kankare, mahaifiyarsa ba za ta ga damina ba.

"Ta mutu mana. Ta ci zamaninta. In ko ba haka ba, ɗiyag ga tawa ta, jikinta da ɗumi."

Malam ya ɗaga murya da karatu, ya watsa mata ruwan tofi a fuska. Ihun da ya fito ya sa awaki suka tsinke igiya. Sai da muryar ta koma roƙo sannan ya sassauta. Ya ce wa aljanin gidan na mai shi ne, tsohuwa kuma ta fi shi haƙƙin inuwa, amma ba a raba mai rai da makwanci a bar shi a fili. Ga tsofaffin kwanoni huɗu da fenti bai taɓa ba, za a kai su saman tudu a kifa a kan baƙin dutse, inda ba hanyar mutum ba ta dabba. Aljanin ya nemi jinin baƙin bunsuru, malam ya ce ko ɗigo. Daga ƙarshe aljanin ya ce ya yarda, amma wanda ya shafa fentin shi zai ɗauka a kansa, da tsakar rana, ba takalmi.

Malam ya buɗe baki zai ƙi, Alƙasim ya riga shi, ya ce ya ɗauka.

Aka sa aljanin ya rantse. Kafin ya fita ya yi wata dariya mai ƙona rai, ya ce duk kwanakin nan babu abin da ya yi masa daɗi kamar ranar da aka shaƙe maƙwabci a bakin masallaci. Rahinatu ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta buɗe ido tana tambayar uwarta ruwan sanyi.

Washegari gari duka ya fito kallo. Alƙasim ya hau tudu da kwanoni huɗu a kan gammo, duwatsu suna soya masa tafin ƙafa, babu wanda ya ce masa sannu. Da ya sauko, sawunsa duk jini. Tun ranar ko tsakuwa ba ta sake faɗowa ba, Habsa kuma ta ga damina har ta ci sabon gero.

Sai da ya yi mako biyu kafin ya iya takawa. Fitarsa ta farko, ya ɗingisa zuwa ƙofar Arzika, ya same shi yana gyaran kalmensa na noma. Ya durƙusa ya nemi gafara, ya ce sharrin shaiɗan ne. Arzika bai ɗago kai ba sai da ya gama ɗaure ƙotar.

"Aljani dai ya saurari malam," in ji shi. "Ni na rantse maka da Allah gaban mutane, ba ka saurare ni ba."

Ya saɓa kalmensa ya nufi gona, ya bar shi nan a durƙushe.