Sulen da Ba a Goge Ba

Ranar da abin ya fara, Mai Azurfa ya dawo gida gab da magariba, ya tarar ɗakin aikinsa na warin toka da lemun tsami. Tsofaffin sulallan azurfarsa na jere a kan tsumma, suna ƙyalli kamar sabon cokali. 'Yarsa tilo na tsaye tana murmushi, hannuwanta baƙi ƙirin.

"Baba, gani na yi sun dafe, na ce bari in faranta maka."

Sana'arsa ke nan: masu tara tsofaffin kuɗi su kawo masa, ya sa gilashi a ido, ya riƙe sule ta gefe, ya faɗi darajarsa. Doka ɗaya yake nanatawa har an gaji da ji, wato kada a goge. Baƙin nan mai shuɗi-shuɗi da shekaru ke shimfiɗa wa azurfa shi ne mutuncinta. Duk duniya ya gaya wa ban da 'yar cikinsa, don tun rasuwar uwarta magana ta yi ƙaranci a gidan. Ya fitar da ita, ya ja ƙofa.

Da duhu ya soma sauka, dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Wani ya biyo baya. Ya leƙa, ba kowa a layin. Kashegari war haka ya ji sule na gangarawa a ɗakin da ya kulle da hannunsa. A rana ta uku yarinyar ta daina ci, ta zauna ta fuskanci bango, tana murza tafin hannunta har fata ta saɓule. Maƙwabta suka riƙa gaishe shi daga nesa. Tsoro ya kama shi, ga kaɗaici, ba wanda zai kai wa kuka.

Ya ɗauko wani tsohon malami mai ruƙiyya. Malam ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta juyo. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, a gajiye.

"Me ta yi maka?" Malam ya tambaya.

"Gida ta rushe mini. Shekara casa'in ina cikin duhun sule ɗaya, ban taɓa kowa ba. Ta kankare ni da toka, ta bar ni a fili."

"Ba da sani ta yi ba. Fita."

"In tafi ina? A ba ni wani duhun. Akwai ɗaya a aljihun ubanta. In na shiga, a kai ni inda ido ba zai ƙara ganina ba."

Mai Azurfa ya dafe aljihu. Wannan sulen kuwa, marigayiya matarsa ce ta taɓa danna shi da babban yatsa, hannunta da maiƙo, ya yi mata faɗa ba kaɗan ba. Shekaru suka kama zanen yatsan suka dafar da shi a jikin azurfar. Shi kaɗai ne abin da ya rage masa nata, kuma da shi yake hira kowace yamma.

"Na sha jin hirarku," muryar ta ce. "Ni dai ba ni da kowa. Kai kuwa da mutum a gidanka."

Malam ya dube shi. "Shawara na hannunka."

Ya sa gilashi a ido, ya bi zanen yatsan layi-layi, ya daɗe. Sannan ya ɗora sulen a tafin 'yarsa. Ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, jikinta ya saki. Malam ya naɗe sulen a ƙyalle ya fita da shi, bai faɗi inda zai kai shi ba.

Da ta buɗe ido ta ce, "Baba, har yanzu fushi kake yi da ni?"

Hannunsa ya nufi aljihu, ya tarar ba komai. Sai ya kama nata. Babban yatsanta gajere ne mai faɗi, irin na uwarta sak. Shi da ke gano ƙarzuwa kamar silin gashi a fuskar sule, bai taɓa lura ba.

"A'a, Uwata," ya ce. "In hannunki ya warke, zan koya miki yadda ake riƙe su."